Tambaya da Amsa: Taswirar Kwamfuta da Sha'anin Ruwa a Ƙasarmu

Tambayoyin wannan fitowa sun zo daga garuruwa daban-daban, amma dukansu suna magana ne a kan tsarin nan da ake kira GIS, wanda ake haɗa taswira da bayanai a cikin kwamfuta, da kuma amfaninsa ga masu kula da koguna da madatsun ruwa da rijiyoyi. Mun taƙaita wasiƙun domin amsoshin su sami fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Malaminmu ya ce a yau da GIS ake tafiyar da sha'anin ruwa a ƙasashen duniya. Mene ne bambancinsa da taswirar da ke rataye a bangon ajinmu? Daga wani ɗalibin sakandare a Dutse.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Taswirar da ke bangon ajinku zane ce da aka gama aka buga, kuma iyakacin abin da za ta ba ka shi ne abin da idonka ya gani a kanta. A tsarin GIS kuwa, duk abin da aka zana, ko kogi ne ko rijiya ko gona, yana da lambobin da ke nuna ainihin inda yake a doron ƙasa, kuma yana ɗauke da bayanansa a liƙe da shi. Idan rijiya ce, za a sami zurfinta da shekarar da aka haƙa ta da ko tana ba da ruwa da rani. Ana ajiye kowane irin bayani a fallensa dabam, kamar fallayen leda garai-garai da aka yi zane a kan kowanne sannan aka ɗora su a kan juna: falle ɗaya na koguna, ɗaya na tudu da gangare, ɗaya na irin ƙasa da duwatsu, ɗaya na garuruwa da yawan mutanensu. Saboda haka mutum yana iya yi wa kwamfuta tambaya, ya ce ta fitar masa da duk ƙauyen da ke da mutum sama da 500 wanda kuma babu rijiya mai aiki a cikin kilomita ɗaya daga gare shi, ta kuwa fitar da su a kan taswira nan take.

Tunanin ya girmi kwamfuta. A shekarar 1854, lokacin da cutar kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya sanya alamar gidajen da aka yi mutuwa a kan taswira, aka ga sun taru a kewayen wani famfon ruwa guda. Tsarin kwamfuta na farko kuwa an gina shi ne a ƙasar Kanada a shekarun 1960 a ƙarƙashin jagorancin Roger Tomlinson, domin ƙididdigar filaye. Abin da ya kawo fasahar kusa da mu shi ne hotunan tauraron ɗan'adam. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 aka bar kowa ya sauke hotunan kyauta. Taurarin Sentinel-2 na Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna komawa kan wuri guda kusan kowane kwana 5, suna kuma rarrabe abin da faɗinsa ya kai mita 10. Najeriya ma ta harba tauraronta NigeriaSat-1 a 2003 a ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta ƙara biyu a 2011. Sai dai ka riƙe abu guda tun yanzu, domin zai sake fitowa a sauran amsoshin: kwamfuta ba ta auna ruwa da kanta, abin da mutane suka auna suka ba ta shi take sarrafawa.

Tambaya: Malam, ni manomi ne kuma masunci a gaɓar kogin Yobe. Iyayenmu sun ce a da ruwa yakan cika fadamunmu har a yi shinkafa a kama kifi, yanzu kuwa wasu shekarun sai ya zo kaɗan ya janye da wuri, alhali muna jin labarin 'yan'uwanmu na wajen Nguru ruwa da kachalla sun cinye musu gonaki. Me taswirar kwamfuta za ta iya yi a kan wannan? Daga wani mai karatu a Gashuwa.

Amsa: Malam, tambayarka ita ce mafi nauyi a cikin waɗanda suka zo, domin abin da ka bayyana shi ne ainihin irin matsalar da aka ƙirƙiri wannan fasaha dominta, wato inda mutumin da ke tsaye a wuri guda ba ya iya ganin dalilin abin da ke faruwa da shi, saboda dalilin yana can ɗaruruwan kilomitoci ta wajen da kogin ya fito.

Ruwan da ke wucewa ta Gashuwa daga koguna biyu yake fitowa. Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa, kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa ya ratsa jihar Bauchi. Su biyun suna bazuwa a cikin fadamun Haɗeja da Nguru kafin ruwansu ya taru ya zama kogin Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar a yankin Diffa, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka kammala ta Challawa a 1992, kuma daga lokacin mafi yawan ruwan kogin Haɗeja ya koma hannun masu buɗe ƙofofin dam. Madatsun sun kawo alheri wanda babu mai musu, domin da su ake noman rani a Kadawa da Kura da Auyo, da su kuma birnin Kano yake samun ruwan famfo. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan cika ya tumbatsa da damina, ya share yashi da ciyawar da ke bakinsa, sannan ya ƙafe da rani har ciyawar ruwa ta mutu. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kachalla ta sami abin da take so, wato ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin Haɗeja da rafin Burum Gana, laka ta taru a gindinta, ruwan ya karkata zuwa rafin Marma ya nufi tafkin Nguru. Shi ya sa can ruwa ya yi musu yawa, ga tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikin kachallar suna cinye hatsi, ku kuma a ƙasa kuka dogara kusan kacokan a kan abin da kogin Jama'are ya kawo.

To, ga inda GIS yake shigowa. Ruwa yana shanye wani nau'in haske da idon mutum ba ya gani amma na'urar tauraro tana gani, don haka a hoton yakan fito baƙi ƙirin, ganye mai rai kuwa yana mayar da wannan hasken sosai. Idan aka ɗauki hoton watan Maris ko Afrilu, lokacin da komai ya bushe a wannan yanki, duk inda aka ga ciyayi shar a cikin fadama kuma ba gonar rani ba ce, akwai kyakkyawan zaton kachalla ce. Idan kuma aka jera hotunan Landsat tun daga shekarun 1970 zuwa yau, za a ga yadda faɗin malalar damina ya riƙa raguwa ko ƙaruwa, da shekarar da kowane rafi ya fara toshewa, da inda toshewar ta faro. Wannan yana da amfani na zahiri, saboda kuɗin yashe rafi da sare kachalla ba ya isa ko'ina, kuma taswira tana iya nuna 'yan wuraren da idan aka buɗe su ruwa zai koma tsohuwar hanyarsa, maimakon a kai injin inda aka fi yin ƙorafi da ƙarfi.

Amfani na biyu ya fi wannan girma a ganina. Idan aka haɗa taswirar yankin gaba ɗaya da lissafin ruwan sama da na ruwan da ke cikin madatsu da na abin da kowane ɓangare yake ɗiba, ana iya gwada shawara a cikin kwamfuta kafin a aiwatar da ita. Ana iya tambaya: idan aka saki ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a watan Agusta domin a kwaikwayi cikar damina, wace fadama za ta sha, wane gari zai shiga haɗari, me zai rage wa masu noman rani? Haka kuma madatsar Kafin Zaki, wadda aka daɗe ana muhawarar gina ta a kan kogin Jama'are, ana iya lissafa abin da za ta rage wa Gashuwa da Gaidam tun kafin a zuba siminti. Jihohi shida ne ke da ruwa da tsaki a wannan yanki, wato Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Barno, kuma a 2006 sun amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da shi. Zaman irin waɗannan jihohi a teburi guda yana fin armashi idan kowa yana kallon taswira ɗaya da alƙaluma ɗaya, domin a lokacin ne na sama ba zai iya cewa bai san abin da ke samun na ƙasa ba.

Sai dai akwai iyaka, kuma wajibi ne in faɗa maka ita. Yankinku shimfiɗaɗɗe ne ƙwarai, har tudun da bai kai mita ɗaya ba yana iya juya ruwa daga wannan rafi zuwa wancan. Bayanan tudu da gangare da ake samu kyauta, waɗanda kumbon Amurka ya tattara a watan Fabrairu na 2000, suna iya kuskure da mitoci da dama, saboda haka ba su isa a irin wannan ƙasa ba sai an haɗa da awon safiyo a ƙasa. Sannan lissafin da na ambata yana bukatar ma'aunin ruwa a bakin kogi, wato sandar nan mai lambobi da ake karantawa kullum a rubuta, a wurare irin su Wudil da Haɗeja da Gashuwa. Duk shekarar da aka bar sandar ta karye ko aka daina biyan mai karanta ta, an yi asarar da babu tauraron da zai mayar. Ku masunta da manoma kuma kuna da ilimin da babu shi a kowace kwamfuta, domin kun san sunan kowane rafi da shekarar da ya daina gudu. Idan masu bincike suka zo garinku, ku nemi a zauna da dattawanku a zana wannan ilimi a kan taswirar, ku kuma nemi a bar muku kwafinta.

Tambaya: Malam, ƙungiyarmu ta mata ta tara kuɗi aka haƙa rijiyar burtsatse a unguwarmu, amma bayan an yi nisa aka ce babu ruwa. Yanzu wani ya ce mana akwai tauraron da ke ganin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, idan muka biya za a nuna mana wurin a kwamfuta. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Malumfashi.

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar muku da alheri, kuma kun kyauta da kuka yi tambaya kafin ku sake fitar da kuɗi. Babu tauraron da zai leƙa ƙarƙashin unguwarku ya ce ga ruwa a mita kaza. Akwai taurarin da ake kira GRACE, waɗanda aka fara harbawa a 2002, da ke gano ƙaruwa ko raguwar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna sauyin nauyin ƙasa, amma awonsu na yanki ne mai faɗin ɗaruruwan kilomitoci, ba ya iya bambanta wannan gari da wancan, balle wannan fili da wancan.

Abin da GIS yake yi da gaske shi ne rage faɗin wurin da za a bincika. Kudancin Katsina, kamar mafi yawan Kano da Kaduna, yana kan tsohon dutse ne mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a wurare biyu: saman da ya ruɓe ya zama marmara da tsakuwa, da kuma tsagogin da ke cikin dutsen. Shi ya sa a irin ƙasarku ake samun rijiya mai ruwa a nan, a matsa 'yan taku kaɗan a haƙa a tarar da dutse busasshe. Wannan ya bambanta da Sakkwato ko Barno, inda ƙasar yashi ce mai kauri hawa-hawa, ruwan kuma a shimfiɗe yake a faɗin yanki, har wanda ke ƙarƙashin Sakkwato ya haɗe da na Nijar da Mali. A hoton tauraro manyan tsagogin dutse sukan bayyana kamar dogayen layuka, sau da yawa ƙoramu suna bin su, kuma idan masani ya ɗora wannan a kan bayanan gangare da irin ƙasa da sakamakon rijiyoyin da aka riga aka haƙa a kewaye, zai iya cewa wannan gefen gari ya fi wancan alamar ruwa. Daga nan dole a zo filin da na'urar da ake kafa ƙarafa a ƙasa a tura lantarki a auna yadda ƙasar ke karɓarsa, domin ita ce ke nuna kaurin marmarar da inda tsaga take. Ko bayan wannan, zato ne mai ƙarfi ake samu, tabbas yana wajen Allah.

Shawarata ita ce ku nemi masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hannun hukumar samar da ruwa a karkara ta jiharku, ku ce sai an yi awon fili an ba ku rahoto a rubuce kafin injin ya taso. Ku kuma ba shi labarin rijiyar da ta ƙi, da wurinta da zurfin da aka kai da irin abin da ya riƙa fitowa, domin rijiyar da ba ta ba da ruwa ba ita ma shaida ce mai daraja a taswira. Babbar asarar da muke yi a ƙasar nan ita ce masu haƙa suna tafiya da wannan sani a cikin kawunansu, wani kuma ya zo bayan shekara biyu ya zuba kuɗinsa a wuri guda.

Tambaya: Malam, idan har wannan fasaha tana da amfanin da ake faɗa, me ya sa ba ta hana ambaliyar da ta same mu ba? Daga wani magidanci a Maiduguri.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara. Ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau a kan kogin Ngadda ya shiga Maiduguri a ranar 10 ga Satumba, 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994 da ta zo ta wannan hanya. Taswira ba ta riƙe bangon dam, wannan aikin injiniyoyi ne da kuɗin gyara da sa ido. Abin da take iya yi shi ne ta nuna tun da wuri inda ruwa zai bi idan bangon ya karye, da unguwannin da zai fara isa, da zurfin da zai kai, da hanyoyin da za su rage a buɗe domin mutane su fita. Ana yin wannan lissafi ne da bayanan tudu da gangare da yawan ruwan da madatsar ke riƙewa, kuma ya kamata kowace babbar madatsa da ke sama da gari, ko Tiga ce ko Goronyo ko Bakolori, ta kasance tana da irin wannan taswira a hannun hukumar agajin gaggawa da hakimai da masu unguwanni. Bayan ruwa ya shigo kuma, taurarin Sentinel-1 masu aiki da na'urar rada (radar) suna ɗaukar hoto ta cikin gajimare, dare ko rana, don haka masu ceto suna iya sanin inda ya mamaye ko da hadari ya rufe sama.

Hukumar NIHSA, mai tattara bayanan ruwa na ƙasa, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, tana lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, hukumar kula da yanayi ta NiMet kuma tana fitar da hasashen ruwan sama. Matsalar ita ce ƙaramar hukuma guda ƙasa ce mai faɗi, kuma gargaɗin da bai faɗi sunan unguwa ba, da harshen da mutane ke ji, ta bakin wanda suka yarda da shi, ba ya sa magidanci ya kwashe iyalinsa. Haka nan idan taswira ta nuna cewa wuri hanyar ruwa ne amma aka ci gaba da yanka filaye ana sayarwa a cikinsa, laifin ba na taswirar ba ne.

Tambaya: Malam, ina aiki a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma. Ba mu da kuɗin sayen manyan na'urori. Ta ina za mu fara? Daga wani ma'aikaci a jihar Sakkwato.

Amsa: Malam, ku fara da abin da ke hannunku. Manhajar QGIS kyauta ce kuma tana aiki a kan kwamfutar ofis ta yau da kullum, wayar hannu mai GPS kuma ta isa ɗaukar lambobin wuri. Ku raba ma'aikata su zagaya mazaɓu su rubuta kowace rijiya da kowane famfon tuƙa-tuƙa da burtsatse mai sola da tafki da mashayar dabbobi, da bayanin ko yana aiki, da wanda ke kula da shi, da watan da yake ƙafewa. Ku ɗora wannan a kan taswirar ƙauyuka da makarantu da asibitoci, nan take za ku ga inda aka tara rijiyoyi uku a gari guda da inda mata ke tafiyar kilomitoci kafin su sami ruwa, za ku kuma ga cewa a wasu wuraren gyaran famfon da ya lalace ya fi haƙa sabo sauƙi da amfani. Domin horo, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna da sassan nazarin ƙasa na jami'o'inmu, maƙwabtanmu na Nijar kuma suna da cibiyar AGRHYMET ta nazarin noma da ruwa da yanayi a Yamai tun 1974. Ku sake zagayen aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen damina ɗaya a tsakiyar bazara, ku kuma ajiye kwafin bayanan a ofis a hannun fiye da mutum ɗaya, domin kada su tafi tare da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki.